Babi na Shida: Ƙasar da Ta Mutu a Maƙera

"Wagga ta mutu, Malam. Ba ta riƙo."

Wani mai zubin tukwane ne ya faɗa mini haka a Jega, wata safiya cikin hunturu, muna tsugune a gindin rumfarsa. Da farko ya damƙo ƙasa daga tsibin da yake aiki da ita, ya matse a tafin hannu, ya buɗe. Ta tsaya dunƙule, har da sawun yatsunsa a jiki. Ya karya dunƙulen gida biyu, ya karye sumul, ko marmashi bai zuba ba. Sannan ya miƙa hannu bayan rumfa, ya ɗebo daga wani tsibin dabam mai baƙi-baƙi, ya yayyafa mata ruwa, ya matse iyakar ƙarfinsa. Yana buɗe hannu ta wargaje kamar garin kwaki.

Na tambaye shi ina ake kai wadda ta mutun. Ya ɗaga kafaɗa. Wani lokaci yara su kwashe a baro su juye a rami, wani lokaci a bar ta nan har ruwan damina ya tafi da ita kwata. Muna cikin wannan magana wata tifa ta tsaya a tsallaken titi, a ƙofar masu buga bulo, ta ɗaga baya ta juye yashi. Da kuɗi aka sayo shi, daga cikin gulbi aka haƙo shi, an ƙona gas kafin ya iso. Nan ana zubar da yashi, can ana sayen yashi, tsakaninsu bai fi taku arba'in ba. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai.

Kafin mu yi nisa, akwai abu biyu da mutane ke haɗawa wuri ɗaya alhali sun bambanta: ƙira da zubi. A ƙaramar hukumar Aliero akwai Jiga Birni, akwai kuma Jiga Maƙera, wadda sunanta kaɗai ya isa ya gaya maka cewa wuta da ƙarfe sun daɗe da zama a wannan yanki. To amma maƙerin baƙi, mai garma da lauje da kwasa, ba ya narkar da ƙarfe har ya zama ruwa. Gasa shi yake yi ya yi ja, ya ɗora a uwar maƙera, ya daddaka da masaba har ya ba shi siffar da yake so. Abin da yake bari a baya toka ce da kashin maƙera. Shi kuwa mai zubi sai ya mai da ƙarfe ruwa tsululu, sannan ya tsiyaya shi cikin wani gurbi mai siffar abin da yake son fitarwa. Wannan gurbin, tun daga rumfar Jega har zuwa masana'antun da ke zuba injin mota a Jamus, mafi yawanci da yashi ake yin sa. Dalili kuwa yashi yana jure wutar da ƙarfe ba ya jurewa. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfen zubi ana tsiyaya shi a wajen digiri 1,400, amma ƙwayar yashi sai zafi ya kai wajen 1,700 take sallamawa.

Zubin tukwanen alminiyum, wanda wasu ke kira goran ruwa, ba tsohuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa kamar ƙira. Emily Osborn, malamar tarihi a Jami'ar Chicago wadda ta bi diddigin sana'ar, ta nuna cewa a Senegal ta kafu cikin shekarun 1940, daga nan almajiran sana'a suka yi ta yawo da ita gari-gari har ta game Afirka ta Yamma. Yau da wuya ka shiga gidan biki a Aliero ko Maiyama ka rasa waɗannan manyan tukwanen a kan murhu, masu cin mudu goma ko ashirin.

Aikin yana da daɗin kallo. Akwatin katako ne maras gindi, mai rabi biyu. Sai a kifa uwar tukunya, wato samfurin da za a kwaikwaya, a barbaɗa mata busasshiyar toka don kada ƙasa ta manne, a cika ciki da waje da ƙasa mai ɗan danshi, a yi ta dannawa da taɓarya ƙarama, wani lokaci ma yaro ya hau ya tattaka da dunduniya. A buɗe akwatin a hankali, a zare uwar, a mai da shi a rufe. Abin da ya rage a ciki shi ne wani siririn fili mai siffar tukunya daidai, kaurinsa bai kai ɗan yatsa ba. A gefe guda kuma yaro na juya ƙafar keke da aka haɗa da fanka, iska na hura gawayi, gwangwanayen lemo da fistin ɗin mota da tsofaffin tukwane na narkewa a kasko. Maigidan ya yaye dattin da ya taso sama da dogon cokali ya yar a ƙasa, ya ɗauko kaskon da awartaki, ya tsiyaya ta wata 'yar ƙofa. Tururi ya tashi. Minti kaɗan aka fasa ƙasar, sai ga tukunya tana ƙyalli. Ka riƙe wannan dattin da aka yar a ƙasa, za mu dawo kansa.

Me ke kashe ƙasar? Yashi shi kaɗai ba ya riƙe siffa, duk yaron da ya yi wasan ƙasa ya san wannan. Yumɓun da ke lulluɓe da ƙwayoyin yashin, idan ya sha ɗan ruwa, shi ne ke zama danƙon da ke haɗa su. A manyan masana'antu auna haɗin ake yi: yashi kashi 85 zuwa 95 cikin 100, wani yumɓu mai tsananin danƙo da ake kira bentonait kashi 4 zuwa 10, ɗan garin kwal, sai ruwa kashi 2 zuwa 5. Mai zubin Jega kuwa da hannu yake aunawa, ya san inda zai haƙo ƙasar da Allah Ya riga Ya haɗa ta. Amma ciwon da ke kashe su ɗaya ne. Ɗanyen tulu idan ruwa ya taɓa shi komawa laka yake yi, a sake gina wani. Gasasshen tulu kuwa ko shekara ya yi a rijiya ba zai koma laka ba, domin wuta ta riga ta fitar da ruwan da ke cikin jikin yumɓun kansa. Haka ke faruwa ga ƙasar da ke goga jiki da narkakken ƙarfe: da zarar zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600, yumɓun da ke wannan fatar ya gasu, danƙonsa ya tafi har abada. Kowane zubi yana gasa kaɗan. Ƙwayoyin yashin su ma suna farfashewa, ƙura na ƙaruwa, toka da garin gawayi na shiga. Maigidan zai yi ta ƙara sabuwar ƙasa yana farfaɗo da tsohuwa wata da watanni, har ranar da zai matse ta ƙi riƙo.

Ga mai zubi ta mutu. Amma magini ba danƙo yake nema a yashi ba, danƙon siminti ne zai kawo shi. Hasali ma yumɓu mai rai abokin gabar siminti ne. Wato abin da ya sa wancan ya yar da ita bai hana wannan ɗauka ba.

A ƙasashen da ke da manyan masana'antun zubi, dole ce ta sa aka yi wannan tunani. Duniya na zuba ƙarfe fiye da tan miliyan 100 kowace shekara, kusan rabi a ƙasar Sin, Indiya na biye da ita, kuma a lissafin ma'aikatan zubi kusan kowane tan na baƙin ƙarfe yana buƙatar tan guda na yashi. A Amurka kaɗai, hukumar manyan hanyoyinsu ta ƙiyasta a 2004 cewa yashin da ake fitarwa daga aiki yana kai tan miliyan 6 zuwa 10 a shekara. Can kuwa zubar da shara ma kuɗi ake biya. Sai suka shiga zuba shi a cikon hanya da gindin gada, suna gauraya shi da kwalta, suna kai wa kamfanonin siminti su jefa a tanderu a madadin yashin da suke saya. A 2014 hukumar kare muhallin ƙasar, tare da ma'aikatar noma da Jami'ar Jihar Ohayo, ta kammala wani dogon bincike da ya nuna cewa yashin da ya fito daga masu zuba baƙin ƙarfe da ƙarfen sitil da alminiyum ana iya shimfiɗa shi ƙarƙashin titi, har a haɗa ƙasar shuka da shi, ba tare da ya cutar ba. Yashin masu zubin tagulla ba ya cikin waɗanda aka wanke. Wannan togaciya ta fi duk sauran binciken muhimmanci a gare mu.

A ɓangaren kankare, Rafat Siddique na Jami'ar Thapar da ke Patiala a Indiya yana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna gwaji. A wani aikinsa da abokansa na 2009 sun cire kashi 10, da 20, da 30 na yashin kankare suka maye da yashin zubi, ƙarfin kankaren bai ragu ba, har ya ɗan ƙaru. Wasu masu binciken da suka yi aiki da yashin wasu masana'antu sun ga ƙarfin yana raguwa, musamman idan aka zarce. Ba saɓani ba ne. Yashin zubi ba iri ɗaya ba ne, kowace masana'anta da nata haɗin, wasu ma da sinadarin roba suke ɗaure yashinsu maimakon yumɓu. A nan gida, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Farfesa Osinubi da Moses sun wallafa a 2011 sakamakon haɗa yashin zubi da tokar tuƙar rake, don shimfiɗawa a gindin ramin zubar da shara yadda ruwan datti ba zai tsiyaya ya shiga ruwan ƙasa ba. Sharar masana'anta da sharar rake, aka haɗa su su tsare rijiyar mutane.

Duk lokacin da na karanta irin waɗannan rahotanni, laso nake tunawa. Matasan birkiloli da yawa yau ba su ma taɓa jin sunan ba. Kafin kamfanin siminti na Kalambaina ya fara aiki a Sakkwato a 1967, kai, tun kafin Bature ya zo da buhun siminti na farko, maginin Hausa yana da nasa simintin. Sai ya je marina ya kwaso katsi, wato laka mai shuɗi-shuɗi da ke kwanciya a gindin karofi bayan baba ya gama aiki, a shanya, a ƙona, a daka. Ya je majema ya karɓo gashin jima, gashin awakin da aka kankare daga fata. Ya shiga daji ya samo dafara, a daka a jiƙa ta yi yauƙi. Ya haɗa su, ya shafe soro da bakin indararo, ruwan sama ya yi ta dukansu shekaru bai shiga ba. Su kansu marinan da laso ake shafe ramukan rininsu. Haka makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake kwaɓa ƙasar yaɓe da daɓe da shi. Haka masu ginin tukwane, da ke daka fasassun tukwane su zuba a sabon yumɓu don kada ya tsage a wuta. In ban da dafara, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba sharar wata sana'a ba ce. Magini ya san ƙofar marina, ya san ƙofar majema, su ma sun san idan sun tara zai zo. Wannan zumunci tsakanin sana'o'i shi ne ya yanke da zuwan siminti. Magini ya koma bai san kowa ba sai dillalin siminti da direban tifa.

Saboda haka ban ɗauki maganar yashin zubi a matsayin baƙon ilimi ba. Abin da muka rasa shi ne haƙurin da kakanninmu suka yi suna gwadawa har suka gane katsi nawa, dafara nawa. Ni kaina rashin wannan haƙuri ya taɓa kunyata ni.

Bayan hirarmu da mai tukwanen, na roƙi baro biyu na matacciyar ƙasar, na kai wa wani mai buga bulo na ce ya gauraya da yashinsa, kashi ɗaya cikin huɗu, ya buga mini guda ashirin, ni zan biya. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan ƙasar shan ruwa za ta yi." Ya yi gaskiya. Tana da laushi ƙwarai, ƙwayoyinta ƙanana kuma kusan girmansu ɗaya, ga ƙura, don haka kwaɓin ya yi ta neman ƙarin ruwa, ruwa kuwa idan ya yi yawa ƙarfin siminti yake ci. Wannan kaɗai da sauƙi. Abin da ban zata ba shi ne wari. Ana zuba ruwa sai wani zarni ya tashi kamar na makewayi. Washegari da na dawo, wasu bulullukan sun yi ƙuraje, wasu sun ɗan kumbura sun tsattsage a gefe, ka murza da yatsa su zube. Kuɗin siminti ya tafi, mai bulo ya yi ta ba ni haƙuri a kan laifin da nawa ne.

Wancan dattin da maigida ke yayewa daga kan narkakken ƙarfe yana yarwa a ƙasa, shi ne ya yi ɓarnar. A ciki akwai wani sinadari da ke samuwa idan alminiyum mai zafi ya haɗu da iska, wanda idan ruwa ya taɓa shi yake fitar da iskar ammoniya, ita ce zarnin da na ji. Akwai kuma ɓarɓashin alminiyum ɗin kansa, da garin da ke zuba lokacin da yara ke goge tukwane da magagari, duk ana share su a tara wuri ɗaya da ƙasar. Ruwan siminti kaifi gare shi kamar ruwan toka, yana cin alminiyum, cin kuwa yana fitar da iskar haidurojin, ita ce ke kumbura kwaɓi kamar yadda yis ke kumbura fanke. Wani abin sha'awa, wannan illa wasu sun mai da ita sana'a: cikin shekarun 1920 wani masanin gini a Suwidin, Johan Axel Eriksson, ya ƙirƙiro bulo maras nauyi mai ƙofofin iska, kuma har yau da garin alminiyum ake kumbura irinsa. Amma su aunawa suke yi daidai, su dafa shi a tukunyar tururi mai matsi. A filin buga bulo na bakin titi, kumburi lalacewa ce kawai.

Maganin wannan ba shi da tsada. Mai zubi ya ware wurin yar da datti daban, wurin goge tukwane daban, matacciyar ƙasa daban. Mai ɗauka ya tankaɗe ta da rariyar waya. Ya cika kwalba rabi da ita, ya ƙara ruwa da ɗan gishiri, ya girgiza, ya ajiye sa'a uku: yashi zai kwanta ƙasa, laka ta kwanta a kansa, ido na gani, kuma injiniyoyi da yawa ba sa yarda kaurin lakar ya wuce kashi 8 cikin 100. Ya kwaɓa kaɗan da siminti a gwangwani, ya shafe bakin daidai, ya duba da safe ko ya taso. Da na sake gwadawa da tankaɗaɗɗiya, kashi ɗaya cikin biyar, bulon ya fito da ɗan duhu amma lafiyayye, fuskarsa ma ta fi santsi domin ƙananan ƙwayoyin sun cike gurbin da ke tsakanin manyan.

Sai dai akwai abin da rariya ba ta tarewa, kwalba ba ta nunawa, hanci ba ya ji. Dalma.

Kowa a wannan yanki ya san abin da ya faru a maƙwabtanmu Zamfara. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya aka gano Bagega ma na ciki. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida ana daka shi, ana niƙa shi a injin niƙa, cike yake da dalma. Ƙurarsa ta kwanta a tsakar gida, yara masu rarrafe suna sa hannu a baki. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Da aka zo aikin gyara sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe, aka shimfiɗa sabuwa, har kududdufan da ake buga tubali a bakinsu sai da aka yashe, domin gubar ta isa can, daga can kuma bango za ta koma. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Abin da na koya daga Zamfara shi ne, ƙasar da ke ɗauke da guba ba ta da wata alama, kuma gida ne mafi munin wurin da za a kai ta.

Ina dalma za ta fito a rumfar mai tukwane? Daga abin da ake narkawa. Masana'antar Amurka da aka wanke yashinta ta san ƙarfen da take saya, akwai takarda. Mai zubinmu kuwa daga 'yan jari-bola yake saye a kilo, gwangwani da fistin da lagireto da kayan lantarki duk a buhu ɗaya, wasu da lankin dalma a jiki. Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland da abokan aikinsa sun auna irin waɗannan tukwane da aka zuba a Kamaru, suka wallafa a 2014 cewa da yawansu suna sakin dalma idan an dafa abu mai tsami a ciki. Ƙarfen da ke ɗauke da dalma kuwa ba ya barin datti da ƙurar wurin su tsira. Wanda kuma ke zuba tagulla, ko yake narka dalmar batirin mota don yin ma'auni ko nauyin taru, ƙasar wurinsa kada ta kusanci gini ko kaɗan, ko da kyauta ce, ko da shi zai biya kuɗin baro. Tambayar farko da magini zai yi ke nan kafin ya taɓa shebur: wane ƙarfe aka zuba a cikinta?

Ni dai ga inda na tsaya. Yashin zubi da aka tankaɗe, daga wurin da alminiyum zalla ko baƙin ƙarfe ake zubawa, ya cancanci shiga bulon katanga, da bulon shimfiɗa a tasha da kasuwa, da murfin kwata, da cikon hanya da za a rufe da kwalta ko kankare, matuƙar bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na yashin ba. A irin waɗannan wurare siminti ya ɗaure shi, kuma ba a kansa yaro ke cin tuwo ba. Ban yarda a sa shi a ginshiƙi ko linta ko dakin bene ba sai an murƙushe samfurinsa a injin gwaji bayan kwana 28 an ga lamba. Mizanin Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta Najeriya na bulo, NIS 87, ya nemi ƙarfin nutin 2.5 a kan kowace milimita murabba'i ga bulon da ba ya ɗaukar nauyi, 3.45 ga mai ɗauka, kuma bulo da yawa na kasuwa ko da yashin gulbi zalla ba sa kai wannan, saboda ana ja wa buhu ɗaya wuya ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa. Kada a ƙara wa gurgu kaya. Ban kuma yarda a kwaɓa shi a yaɓen ɗaki ba, ko daɓen tsakar gida, ko filin shanya albasa da hatsi, ko gindin rumbu, sai dai in an auna an tabbatar babu dalma. Ginin ƙasa ba ya ɗaure komai, kullum zubar da ƙura yake yi.

Gaskiya kuma ita ce abin da masu zubin Jega da Aliero da Maiyama ke fitarwa bai taka kara ya karya ba. Ba zai hana tifofi shiga Gulbin Zamfara ba. Da masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka kafa kamfaninta tun ƙarshen shekarun 1970, ta tashi yadda aka tsara, da masana'antar Alaja ta 1982 ta ɗore, da yanzu muna maganar tsaunukan yashi. A yau mai yawan yana wajen Legas da Ota da Kaduna. Amma ƙanƙantar tamu ba hujjar sakaci ba ce. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 ɗan'adam na kwasar yashi da tsakuwa tan biliyan 50 a shekara, bayan ruwa babu abin da muke ci daga ƙasa kamar su. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi, ya ga gidajen ƙasa na zubewa, ya san dalilin da ya sa duk wanda ya sayar da albasa ya samu rara yake komawa bulo, kuma kowane bulo daga gindin gulbi yake fitowa, inda yawan haƙa ke zurfafa ruwa yana cin gaɓa. Sannan ita matacciyar ƙasar, ko an yi gini da ita ko ba a yi ba, tana nan jibge a bayan rumfa, yara na wasa a kanta, ruwa na kai ta fadamar da ake noman rani. Gara a san abin da ke cikinta.

Masu iya sanin kuwa suna kusa. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha tana nan Aliero tun 2006, Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru tana Birnin Kebbi, kowace shekara ɗaliban injiniya da na kimiyyar sinadarai na neman abin da za su yi bincikensu na kammalawa a kai. Na'urar da aka yi aiki da ita a Zamfara wajen auna dalma a ƙasa ta hannu ce, ana ɗora ta a kan ƙasa ta ba da lamba cikin minti ɗaya ko biyu. Roƙona ga malaman waɗannan makarantu shi ne su tura ɗalibai su bi rumfunan zubi na Jega da Aliero da Maiyama ɗaya bayan ɗaya, su ɗebi ƙasar kowace, su auna dalmar, su buga bulo da wadda ta tsira su murƙushe. Idan sun gama, kada sakamakon ya tsaya a kantar laburare. A rubuta shi da Hausa, a koma a karanta wa masu zubin da masu bulon a gaban sarkin maƙera da shugaban magina, a gaya wa kowa ko ƙasarsa ta gini ce ko ta binnewa.